Yatsu Shida a Kan Zankon Tasalla

Da sunan Wanda ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa babu daɓe, ya yi rufin da ba ya yoyo sai da izininsa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, ku matso kusa, ku gyara zama. Kai mai jar hula, jingina a hankali, ɗazun nan na yaɓe bangon.

Ni ne Cindo magini, ɗan magini, jikan magini, mutumin Kwarin Ɗinya. An haife ni da yatsu shida a hannun dama. Da wanzami ya zo zai cire na shidan, kakata ta buge masa hannu, ta ce wanda zai ci abinci da laka ba a rage masa yatsa. Shi ya sa duk bangon da na shafa, ko makaho ne ya laluba ya san aikina ne.

Na girma cikin kwaɓi, na yi aure cikin kwaɓi, abu ɗaya kuma ya dame ni. Ka gina gida bana, baɗi damina ta lashe shi, ka sake yaɓe, ta sake lashewa, kamar wanda ya ba akuya ajiyar dusa. Ina cikin wannan takaici sai wani farke ya sauka a zaurenmu. Ya ce can bayan Tekun Laka akwai Birnin Zankaye, inda gida ke ganin jikokin jikokin mai shi bai ko tsage ba. Na ce lalle mutanen nan suna da asiri, ni kuwa sai na ɗauko shi.

Na shiga gida na sami matata Ladingo tana tankaɗe. Na ce, "Ladingo, zan tafi neman asirin ginin da ba ya faɗuwa."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Amma kafin ka kai ga wanda ba ya faɗuwa, leƙa wanda ke shirin faɗuwa. Bangon gabas na ɗakina ya tsage, har ƙadangare ya tare a ciki da iyalinsa."

"In na dawo da asirin, taɓawa ɗaya zan yi masa, ya ishi jikokinmu."

Sai ta ajiye rariya. "Maigida, buɗe kunnenka. In ka dawo ka tarar da bangon nan a tsaye, ka tarar da ni. In ka tarar da shi a kwance, kada ka wahalar da bakinka da sallama. Ina gidan yayana, kuma babu biko."

Na je na zura yatsana na shida a tsagar, na auna. Na ce zai ɗauki damina biyu, ta uku kuwa sai wani ikon Allah. Na rataya jakata na kama hanya.

Na yi ta tafiya har takalmina ya fi ni sanin hanya. Garin da ya fara tsayar da ni shi ne Shatau. Daga nesa na hango mutane birjik a fili fetal, babu bango, babu rufi, babu ko dangar kara, amma kowa na tafiya yana karkacewa kamar mai bin lungu. Da na matso sai na ga ƙasar duk zane ce. Kun san mu magina, kafin a sa diga, mai gida kan faɗi abin da yake so, mu ja shi a ƙasa da diddige, mu bi da toka. To, mutanen Shatau a nan suka tsaya tun kakanninsu. Sun gano gidan zane ba ya tsagewa, ba ya cin azara, in kuma matarka ta ce ɗakinta ya yi kaɗan, da ƙafa ɗaya za ka faɗaɗa mata. In aka yi ruwa ya share garin, washegari su sake zanawa, kowa ya ɗan ci iyakar maƙwabcinsa.

Ni da ban san dawan garin ba, na miƙe sak zuwa wurin wata mai fura, na tsallake layin toka. Sai ihu ya tashi: "Ɓarawo! Ya haura katanga! Ya faɗa ɗakin amarya!" Amaryar tana zaune a sarari, har kaji na ganinta, amma ta ja mayafi ta rufe fuska tana kururuwa.

Aka kai ni gaban alƙali, shi ma yana zaune cikin nasa zanen, wai bene ne. Ya ce a ɗaure ni. Kurkukun zane ne mai kaurin toka, da dogarai biyu a bakin ƙofa. Na zauna rana na dukana, ina tunani. In na tsallake layin, su ce na fasa kurkuku, su bi ni da kulake. Sai na sa babban yatsan ƙafa na share taki ɗaya a bangon baya, na zana ƙofa mai kyau, har da 'yar rumfa. Na yi gyaran murya, na buɗe ta, na fita, na mayar na rufe.

Dogari ɗaya ya ce, "Kai, ga ɗaurarre can yana tafiya!"

Ɗayan ya leƙa, ya duba da kyau, ya ce, "Ta ƙofa ya fita. Mu wannan aka ce mu tsare, ba waccan ba."

Daga nan sai Azau, inda tun a bakin gari na rufta rami har ƙugu. Mutanen Azau sun fi na Shatau himma, don su suna haƙa harsashi. Ranar aza tubalin farko a yanka raguna, a yi kiɗa, maroƙa su wasa mai gida, manya su yi dogon jawabi, a ci a sha. Washegari a koma wani fili a haƙa sabo. Garin duk ramuka ne, kowane da tubali ɗaya a ciki kamar ƙwan da kaza ta manta. Na ji daɗin Azau har wuyana ya yi kauri. Amma hannun magini ba ya zama. Wata rana da hantsi na ga tubali ɗaya zaune shi kaɗai, ya ba ni tausayi, na kwaɓa laka na jera masa 'yan'uwa, na ɗora sahu na biyu.

Wani dattijo ya gani, ya ɗora hannu a ka. "Wayyo, baƙon nan ya kashe mu! In mutum ya gama gida ya shiga, yaushe zai sake aza harsashi? Naman fa?"

Suka biyo ni da taɓare da muciyoyi. Ban fi su gudu ba, ga nauyin ragunansu a cikina. Amma ni ƙasa nake kallo, su kuwa ni suke kallo. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa jin "tim!" sai "wayyo!" Kafin in fita gari, ramukansu sun gama mini faɗan.

Damina ta farko a bakin Tekun Laka ta same ni. Ana ƙetare shi a cikin manyan ƙorai, gaiwa ke jan su, kowace ta kai raƙumi girma. Duk tsawar da aka yi daga gabas sai in tuna bangon Ladingo, in ce a raina, ɗan ƙara haƙuri.

Birnin Zankaye kuwa, farken nan bai faɗi rabinsa ba. Gidaje sumul, makuba na sheƙi a jikinsu, babu tsaga ko ta shigar allura. Zankayen da ke kan soraye, waɗanda mu muke yi kamu ɗaya ko biyu don ado, su nasu sun yi tsawon da gajimare ke sarƙewa a jikinsu, shamuwa ma sai ta huta a tsakiya kafin ta kai ƙoli. Mai tsaron ƙofa bai tambayi sunana ba, tafin hannuna ya duba. Da ya ga kantar aiki a tafin, sai ya ƙwala kira: "Magini! Allah ya kawo mana magini!" Nan take aka fito da ganguna, aka shimfiɗa mini kilishi, aka dama fura da zuma. Na ce kai, ga inda aka san darajar sana'a. Ban tuna ba cewa ragon da aka fi cika wa dusa, shi ya kamata ya tambayi saura kwana nawa Salla.

Aka kai ni wurin Sarkin Magina Bagudu, wani gajeren tsoho mai ido kamar zaren awo. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba sai da ya miƙo hannu ya daidaita mini hula, ya ja gefen tabarmar da nake kai ya miƙar da ita, sannan ya ce, "Lafiya lau, ɗana."

Na ce, "Baba, asirin ginin da ba ya faɗuwa na zo nema."

Ya ce, "Ba a faɗinsa da baki. Sai ka bi gini ɗaya tun yana mafarki har zankonsa. Ranar nan za ka sani, kuma ba za ka taɓa mantawa ba."

A birnin nan gida ɗa ne, haka suke ɗaukarsa. Na yi sa'a, ko in ce sa'a ta yi ni, wata attajira, Tasalla mai turare, tana son sabon gida. Ta tara magina ta faɗi mafarkinta, muka ja shi a ƙasa. Sannan aka tafi kududdufi da goro, Bagudu ya tsuguna ya ce wa ramin, "Aro muka zo, za mu mayar." Aka haƙo jar ƙasa, aka zuba ciyawar ramno, muka tattake, aka bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa, aka dunƙula tubala aka shanya. Da aka aza harsashi aka yanka rago aka raɗa suna. Tasalla ta ce sunan gidanta Ɗan Lele. Bagudu ya raɗa mini a kunne, "Da ni aka tambaya, Haƙurau za a sa."

Ban gane ba sai da bango ya kai ƙirji. Ran nan Tasalla ta iso, ƙamshinta ya riga ta, ta ce, "Sarkin Magina, jiya na yi wani mafarkin."

Na ga magina duk sun zubar da kafaɗa. Wai ƙofa ta bar kudu ta koma arewa, don maƙwabciyarta ta kudu daddawa take yi. Muka toshe, muka fasa. Bango ya kai kai, ta sake mafarki: taga ta yi ƙasa. Muka ɗaure bakan gizon da zai ɗauki rufi, muka jera azara, ta sake mafarki: ɗakin ya yi mata kama da rumbu, a faɗaɗa. Har wani magini ya ce ko a roƙi mai maganin gari ya ba ta abin hana barci.

Duk da haka Ɗan Lele ya tashi. Ina zaune a kan bango kamar mai hawan doki, ana jefo mini tubali daga ƙasa ina cafewa, ana waƙa. Aka yi rufi, aka sa indararo, mata suka zo da madaɓai suka yi daɓe har ƙasa ta yi santsi kamar bayan ƙwarya. Aka shafe jikinsa da makuba. Saura zanko.

A nan na ga abin mamaki. Muna hawa da ginin zanko, magina na raguwa. Wannan bayansa ya riƙe, wancan surukarsa ba lafiya, wani ya ce jiri yake gani tun yana yaro, alhali jiya na gan shi yana rawa a kan azara. Ranar gamawa gari duk ya taru. Bagudu ya ɗebo laka cikin hannu ɗaya, ya miƙo mini, ya ɗaga murya: "Shafar ƙarshe ta baƙonmu ce! Girma na mai girma ne!"

Kaina ya kumbura. Na hau tsani har ƙoli, na shafa, layi shida suka fito raɗau. Guɗa ta ɓarke a ƙasa. Ni kuwa na ji wani sanyi ya bi ƙafafuna har tafi.

Da na sauko Bagudu ya rungume ni. "Barka, uban Ɗan Lele."

"Uban wa, Baba?"

"Ai asirin ke nan, ɗana. Wanda hannunsa ya shafi zanko a ƙarshe, shi ne uban gida. Yaɓen kowace shekara naka ne, yoyo naka ne, gara taka ce. Ƙasar nan kuma ta san hannu. Muddin kana inda ake hango zankonka, ƙafarka taka ce. Ka wuce nan, ta zama tubali. Kana tsammani don ado muke dogayen zankaye? Don mu samu mu leƙa kasuwar ƙauye ne."

Na ce, "Baba, yaɓe? Yaɓen da na baro a gida?"

"Shi fa. Wane asiri kake nema da ya wuce maginin da ba ya iya guduwa? Ni ma baƙo ne, da baƙin gemu na shigo ta ƙofar da ka shigo."

"Sai yaushe ke nan?"

"Sai ran da gidan ya mutu. Ko kuwa wani ya shafi zankon bayanka." Ya yi dariya har da tari. "In ka sami mahaukacin, kawo shi mu gani."

Ban yarda ba. Washegari na fita ta ƙofar gari ina tafiya da baya, idona a kan zanko. Na yi nisa, har na fara yi wa tsohon dariya. Sai hanya ta gangara bayan wani tudu, zanko ya nutse. Na ɗaga ƙafa, ta ƙi. Na duba, daga gwiwa zuwa ƙasa jar laka ce busasshiya, har da ramno. Ina nan tsaye kamar turke sai ga wani mai jakuna, wanda sana'arsa ke nan, kwaso magina. Ya ce, "Kai ne na Tasalla? Ka yi ƙoƙari, yawanci a gindin tsamiyar can nake tsintarsu." Ya loda ni a mangala, ya sa dutse a ɗaya gefen don kada kaya su rinjaya. Muna hawa tudun, zanko ya leƙo, ƙafafuna suka dawo.

Damina ta biyu a kan rufin Tasalla na yi ta. Ɗigo ɗaya ya sauka, a aiko: "Ina uban Ɗan Lele?" Ina toshe yoyon gidan wata, zuciyata na can wurin bangon da ke cika cikinsa da ruwa a Kwarin Ɗinya, da matar da ba ta faɗin magana sau biyu.

Da kaka ta yi, aka yi jana'izar wani gida. Ya tsufa ƙwarai, gindinsa ya zagwanye, yaɓe ya daina kama shi. Aka sauke azarorinsa aka raba wa magada. Aka rushe bangon a hankali, mata suka kwashe ƙasar a kwanduna, aka yi jerin gwano zuwa kududdufi ana cewa, "Mun mayar da aro." Tun ba a watse ba na ga wasu suna nuna wurin, don tsohuwar ƙasa ta fi yin tubali mai kyau. Uban gidan wani tsoho ne tukuf, an ce shi ma a hannun wani baƙon ya gaje shi. Aka ce masa, "Baba, ka 'yantu, sai inda ka ga dama." Ya dogara sanda har ƙofar gari, ya tsaya, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Sai ya juyo ya ce, "Jama'a, ta ina ma na zo?"

Na ce a raina, ni ma ƙarshena ke nan. Amma a wurin nan na ga wani abu kuma. Ana tsakiyar jerin gwano, mata na kuka, sai Bagudu ya tsayar da kowa, ya ratsa taro, ya je ya daidaita kwandon da ya karkace a kan wata mata. Sannan ya koma ya ci gaba da share hawaye.

Na ce, to.

Washegari na je gaida Tasalla. Na ce, "Uwar ɗakina, kwana biyu ba ki yi mafarki ba. Lafiya dai?"

"Me ka gani?"

"Ni ban ga komai ba. A kasuwa dai na ji ana cewa zankon mai daddawa ya ɗara naki."

Ta ajiye kwalbar da ke hannunta. "Mai daddawa? A rushe! A yi mini wanda ba a taɓa gani ba!"

"Akwai wani salo na bayan teku, ranki ya daɗe, babu mai shi a birnin nan. Sai dai na masu ƙarfin hali ne."

"Shi nake so."

Na rushe zanko, na ɗaga sabo, ya fi na kowa tsawo, kansa kuma ya lanƙwashe kamar wutsiyar kare. Tasalla ta gani ta ce madalla, ta aika wa mai daddawa da turare don ta fito ta kalla. Ni kuwa na bi kasuwa ina cewa, "Ba ni za ku yaba ba, koyarwar Sarkin Magina Bagudu ce." Kowace safiya in hau in yayyafa wa ƙolin ruwa, in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu da rana, kada ya bushe.

Bagudu ya sauya hanyar zuwa masallaci. Bai yi amfani ba, don ta kowane lungu ana hango abin. Ya koma tafiya yana kallon ƙasa, ya yi karo da jaki. Matarsa ta ce ya daina cin tuwo. Da ya ji wasu magina sun fara tambayar yadda ake lanƙwasa irin ta Bagudu, sai ga shi da rana tsaka, ya sa an ɗaure masa hannuwa ta baya da rawaninsa.

Ya ce, "Kai, mai yatsu shida, na san abin da kake nufi. Tun ba a haifi ubanka ba nake cin wannan kasuwa. Hau mu je. Da baki zan gyara shi, da hannunka."

Muka hau, yana bin tsani da ƙirji da haɓa, mutane sun cika ƙasa suna kallo. Muka tsaya a kan dandamalin ƙoli.

"Tura shi hagu."

Na tura dama.

"Hagu! Hannun da ba ka cin tuwo da shi!"

"Af, gafarta Baba."

Na wahalar da shi iyakar wahala, yana zagi, ina ba da haƙuri. Sannan na bi maganarsa tiryan-tiryan. Zanko ya miƙe sak kamar kibiya, na shafe shi sumul, layi shida. Sai dai a gefe ɗaya, daidai idon tsohon, na bar wani ɗan tudu, bai fi ƙwayar wake ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Mu sauka, Baba."

"Saura nan."

"Ina?"

"Nan! Ga shi yana kallonka!"

Na matso da fuska, na ƙanƙance ido. "Ni ban ga komai ba. Ko idonka ne, Baba? Ka san shekaru." Na juya na fara sauka.

Babbar lanƙwasa ya iya jurewa, don ya shirya mata. Ƙwayar waken nan ce bai shirya wa ba. Na sauka taki kaɗan, shiru. Na ƙara, shiru. Sai na ji nishi. Sai na ji "kyaaat!" rawani ya yage. Na ɗaga kai, na ga babban yatsa ɗaya ya bi ta kan ɗan tudun nan, sau ɗaya tak.

Wani ɗumi ya sauko mini daga gwiwa har tafin ƙafa. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga kowace.

Bagudu ya dubi yatsansa, ya dubi zanko, ya leƙo ni. "Ɗan banza mai yatsu shida!"

Daga ƙasa Tasalla ta rangaɗa guɗa. "Sarkin Magina da kansa uban Ɗan Lele! Sauko, Sarki, sauko, jiya ma na yi wani mafarkin!"

Ban tsaya ganin fuskarsa ba. Ina cikin gudu na jiyo muryarsa daga sama: "Amma dai ya miƙe! Kai kuma gyara hularka!"

Na wuce tsamiya, na wuce tudu, na gaida mai jakuna. Na ƙetare Tekun Laka, na zagaye Azau ta bayan gari, na ratsa Shatau ta ƙofar nan tawa, wadda har yanzu suke sake zanawa, don ɗaurarru sun saba da ita. Ranar da na hango Kwarin Ɗinya, hadarin farko na damina ta uku ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Bangon yana tsaye. Ya turo ciki kamar mai wata tara, an tokare shi da taɓarya, da turmi, da tsanina, da ƙafar gado, amma yana tsaye. Ladingo na zaune a bakin ƙofa, kayanta a ɗaure a gefe.

Na yi sallama. Ta amsa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka ga taɓaryar can? Yau da la'asar nake da niyyar daka."

Na ce, "Ashe dai kin riƙe mini shi."

"Kai wa? Don kajina na tokare, kada ya faɗa musu. Ina asirin?"

"Bari in kwaɓa tukuna."

Ko ruwa ban sha ba. Na fasa cikin bangon, na sa sababbin tubala, na cike, na yaɓe, iska na tashi, Ladingo na miƙo mini laka. Bakina kuwa bai zauna ba, na kwashe labari duka na ba ta, har da dokar Birnin Zankaye, ban rage komai ba. Don in burge ta, na ɗora ɗan zanko kamu ɗaya a kan bangon, na shafe shi, layi shida. Ɗigon farko ya sauka a goshina.

Sai na ji guɗa a bayana. Ladingo ce, tana kwance ƙullin kayanta.

"Barka, uban bango."

Na ce, "Haba Ladingo, ai ƙasar garin nan ba ta san wannan doka ba."

Ta ce, "Ƙasa ba ta sani ba. Ni na sani. Kuma a nan gidan ba sai zanko ba, duk wanda ya shafi bangon a ƙarshe, nasa ne."

Kamu ɗaya fa na yi shi, jama'a, da hannuna. Daga bakin zaure ake daina hango shi. Na kai kuka, ta yi mini rangwame, duk shekarar da na yi yaɓe a kan kari, ta yarda in ƙara masa tsawo kaɗan. Bana har daga rumfar mahauta ina hango shi. Shi ya sa mai son hikayar Cindo, sai ya tako ya same shi a gindin bangon nan.

Nan ginin zancena ya kai zanko, ƙasar da na ara ta baki na mayar. Allah ya sa mu gama lafiya.

Kai mai jar hula, tashi mu gani. Na ce maka a hankali. Wannan shatin hannun wane ne a kan yaɓena? Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ladingo! Fito da guɗa, mun yi baƙo!